Koci na neman tambari: dodo, damisa, ko a zana namu na gida?

Kocin Ƙofan Doka:
Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema dan Allah. Waɗanda suka san ni sun san ina koya wa yara kareti irin na Shotokan, da a wani fili muke yi bayan la'asar, to yanzu Allah ya hore mun kama ɗaki babba haya an shimfiɗa katifun roba, muna so mu mai da abin makaranta sosai mai rajista da rasit da komai. Abin da ya tsaya min shi ne tambari. Na ba wani yaro a shagon kwamfuta ya haɗa min guda 3, ga su nan na tura. Na farko dodon nan na fim ɗin Canis mai aman wuta ya nannaɗe baƙar damara, na biyu damisa a cikin da'ira, na uku dunƙulallen hannu da jar rana a bayansa da rubutun ƙasar waje a ƙasa. Za a sa a allon bakin ƙofa, da ƙirjin rigar yara, da takardar shaidar da muke ba su in sun canza damara. Wanne zan ɗauka?

Dan Sabon Gari:
Wslm koci wlh na farkon nan yafi tsoratarwa, ni kaina dana gani sai naji kamar inzo inyi rijista 🔥 dauki dodon kawai a wuce wajen

Maman Biyu:
Wa alaikumussalam Malam, Allah ya sanya alheri. Kai kuma ƙanena mai cewa ya fi tsoratarwa, kai ne za ka riƙa biyan kuɗin wata? Ai mu ne masu biya. Ni dai in ina cikin adaidaita na hango allo da dodo yana aman wuta da baƙin fenti, wallahi abin da zai zo min shi ne nan ake koya wa yara daba, kuma ko na yarda baban yaran ba zai yarda ba. Abin da nake so in gani shi ne wurin da yaro zai koyi natsuwa ya daina zaman waya, ya iya kare kansa in ta kama. Duk ukun babu wanda ya faɗa min haka.

Mai Zanen Samaru:
Salam Koci. Na sauke su na duba da kyau, kuma kafin a zo maganar wanne ya fi kyau, biyu daga ciki ba ma naka ba ne balle ka ɗauka. Damisar nan ta cikin da'ira ita ce alamar Shotokan da kowa ya sani, wani mai zane ɗan Japan Hoan Kosugi ne ya zana wa Gichin Funakoshi, mutumin Okinawa da ya kai kareti Tokyo a 1922, in ka duba wajen wutsiyar za ka ga wani ɗan rubutu to sa hannun mai zanen ne, yaron naka ya kwaso har da shi bai sani ba. Kana iya rataye ta a bangon aji tunda salonka ne, amma ba za ta zama tambarinka ba, makarantu birjik a duniya suna sa ta, me zai raba ka da su?
Na ukun ne ya ba ni dariya. Rubutun na Koriya ne irin na masu takwando, ranar nan kuma mai zara-zaran layuka ja da fari tutar da sojan Japan suka yi yaƙi da ita ce, wadda mutanen Koriya ba sa ko son ganinta saboda Japan ta mallake su daga 1910 zuwa 1945. Ka ga an haɗa su a ƙirjin ɗan mutane a Zariya ba su ji ba ba su gani ba.

Dan Sabon Gari:
To waye zai sani a garin nan oga 😂 dan koriya nawa ne a PZ

Mai Zanen Samaru:
Ranar da yaran suka je gasa, ko hoton ya hau Facebook, akwai wanda zai sani. Kuma ko ba wanda ya sani, me ya kai ka sa rubutun da kai mai makarantar ba ka iya karantawa?

Baba Tsohon Ɗan Dambe:
Yauwa ɗana ka faɗi gaskiya. Ni tun ɗazu ina kallonku, kayan aro ai ba ya rufe katara. Kun tafi Japan kun tafi Koriya kamar mu nan ba mu da faɗa. Mu da muka yi dambe wa ya zana mana wani abu a takarda? Hannu a ɗaure da kara, kalangu na tashi, ka shigo fili ka yi kirari, kowa ya san ko kai na Kudu ne ko na Arewa ko Guramada. Shago, shahararren ɗan damben nan, har yau ana faɗin sunansa ba shi da allo a bakin titi. Koci in kana son abin da mutanenmu za su gane, zana hannu ɗaure da kara shi ke nan.

Kocin Ƙofan Doka:
Baba ranka ya daɗe, wallahi ina girmama dambe, amma ba shi nake koyarwa ba. In na sa hannu da kara, gobe matasa za su cika min ƙofa suna neman a haɗa su da abokin karawa, su tarar da yara sanye da fararen kaya suna ƙirga ichi ni san da yaren Japan. Kamar na yaudare su ne.

Maman Biyu:
Baba ka yi haƙuri, ni ma dai hannu da karan nan ba zai sa in kai nawa ba.

Baba Tsohon Ɗan Dambe:
To ai shi ke nan ƴata, damben ne kuke rainawa, da an ce daga Japan ya zo da kun kai su da gudu.

Malamin Islamiyya:
Assalamu alaikum. Baba Allah ya huci zuciyarka, ba raini ba ne, kowa da abin da yake sayarwa. Koci ni ta wani gefen zan shigo. Ka ce bayan la'asar kuke yi, ke nan sau da yawa magariba za ta riske yaran da rigar nan a jikinsu. Malamai sun yi maganganu a kan hoton abu mai rai a jikin tufafi, akwai masu tsanantawa akwai masu sassautawa, ni ba fatawa zan bayar a nan ba, amma kai mai neman ɗalibai me ya sa za ka jawo wa kanka abin da wani uban zai ce ɗansa ba zai yi sallah da shi ba? Ka bar dodo ka bar damisa. Sannan dan Allah kar wani ya ba ka shawarar sa aya ko sunan Allah a tambarin wai don albarka, riga ce da ake birgima da ita a ƙasa, a shiga da ita bayi, a jefa ta cikin kayan wanki.

Ɗan Wusasa:
Allah gafarta Malam na goyi bayanka a ta ƙarshen nan, kuma zan ƙara. Ni Kirista ne, yarana biyu suna son irin wasan nan. Zariya ai ba cikin birni kaɗai ba ne, akwai mu na Wusasa, ga Sabon Gari, ga yaran malaman jami'a a Samaru, ga na bariki. In tambarin ya zo da jinjirin wata ni zan ji kamar ba a gayyace ni ba, haka in ya zo da gicciye ku za ku ji. A bar shi na kowa.

ƴar Kongo:
Ni baƙar damara gare ni a takwando, don haka bari in yi maganar mata tunda ba wanda ya yi. Duk inda ka duba tambarin irin makarantun nan wani ƙato ne ba riga ya ɗaga ƙafa sama, ko naushi ya nufo fuskarka, yarinya in ta gani ta san ba da ita ake ba, uwarta kuwa ba sai an faɗa ba. Alhali Feryal Abdelaziz ƴar Masar da hijabinta ta ci zinare a kareti a gasar Olamfik ta Tokyo, Hedaya Malak ita ma ta Masar ta ci tagulla a takwando a Rio a 2016 ta sake ci a Tokyo. Koci in kana da niyyar buɗe ajin mata ko nan gaba ne, kar ka sa mutum a tambarin kwata-kwata, da zarar ka zana mutum ka zaɓi jinsi ka zaɓi shiga.

Kocin Ƙofan Doka:
Akwai niyyar ƙanwata, ranar Asabar da safe nake so ya zama nasu, ke ma zan neme ki.

Dan Sabon Gari:
Ba dodo ba damisa ba mutum ba hannu, to me ya rage kenan? farin kyalle zaa manna?

Telan Cikin Birni:
Bari mai ɗinki ya yi magana tunda a ƙarshe wajenmu za a kawo shi. Koci wannan dodon naka a waya ne yake da kyau. Tambarin ƙirji duka-duka faɗinsa bai wuce tafin hannun yaro ba, to ka dubi gashin bakin dodon nan, ka dubi ɓawon jikinsa ɗaya-ɗaya, ga wutan da ya tashi daga ja ya koma ruwan lemo ya koma ɗorawa a hankali. Zare bai san a hankali ba, ja ja ne ɗorawa ɗorawa ne. Ko a keken kwamfuta aka sa, in alluran ta riƙa soka waje ɗaya sai zaren ya cunkushe, yadin ya tattare, a ƙarshe dodon ya fito kamar an taka ƙadangare. Ƙananan rubutu ma haka, in harafi bai kai tsayin ƙwayan shinkafa ba ramin a da e duk toshewa suke yi. An taɓa kawo min na wani makaranta kala bakwai da taken makarantan a zagaye cikin ƙananan haruffa, muka yi samfur, mai makarantan da kansa ya kasa karanta takensa. Ka ba ni kala biyu, in ya yi yawa uku, layi mai kauri, zan fitar maka da shi tsaf har a hula.

Mai Zanen Samaru:
Allah ya biya ka Tela, ka rage min aiki. Haka yake a wajen masu buga riga ma, kowace kala da nata allon siliki ake wankewa, kala biyar allo biyar, kuɗi na hawa. Hatimin da za ka buga a rasit kuwa kala ɗaya ce tal. Shi ya sa mu muke fara zana tambari da baƙi a kan fari, in ya tsaya da ƙafarsa a haka sannan a sa masa kala, in sai da kala yake kyau to bai yi ba. Gwaji mai sauƙi, ka sa shi a hoton furofayil na WhatsApp ka duba shi a jerin masu hira inda yake ɗan mitsitsi a da'ira, in ba ka gane shi ba a nan, mai wucewa a kan acaɓa ma ba zai gane shi a allo ba.
Amsar ƙanena na Sabon Gari kuma, abin da ya rage yana da yawa, a garin nan muke fa. Ku shiga cikin birni ku ɗaga kai ku kalli zanen da magina suke yi a fuskar zaure, ku dubi aikin aska takwas a babbar riga, duk layi ne mai kauri da ake ganewa daga nesa, ba mutum ba dabba. Tun 1958 ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko suka kafa ƙungiyarsu a nan Zariya a kan wannan maganar, ka koyi dabarar waje amma ka zana da abin gida. Abin da ke raina shi ne ƙullin damara. Duk ɗan kareti ya san ƙullin nan, shi yaro yake fara koya kafin ya iya naushi, kuma in ka zana shi da layi mai shiga yana fita sai ya ɗauko kamannin dagi. Ɗan wasa ya gani ya ga damara, Hajiya ta gani ta ga zanen gida.

ƴar Kongo:
Kai wannan ya yi min wallahi.

Barista:
Ya yi, amma a yi hattara kar ya koma dagin Arewa sak. Dagin nan yanzu a ina ne babu shi? Ƙungiyoyi, ƴan siyasa, jikin mota, ƙofar gida. In ya fito sak za a ɗauka ofishin wata ƙungiyar matasa ne, kuma abin da kowa ke amfani da shi da wuya a yi maka rajistarsa a matsayin naka kai kaɗai.

Mai Zanen Samaru:
Shi ya sa na ce kamanni Barista. Jelar damarar biyu za su sauko ƙasa a fili, dagi ba shi da jela.

Baba Tsohon Ɗan Dambe:
To in gida kuke so ku sa Sarauniya Amina da takobi mana, wa ya fi ta faɗa a ƙasar Zazzau?

Malamin Islamiyya:
Baba mun dawo kan hoton mutum ke nan, ga kuma takobi a rigar yara.

Ɗan Wusasa:
Makami kam a bar shi. Gatari da ƙoƙon kai musamman, duk wanda ya yi jami'a a ƙasar nan ya san alamar su wa ake ɗaukarsu. Ni da ganuwa na so a sa ko ƙofar gari, tunda kare kai ake koyarwa.

Dan Sabon Gari:
Kofar gari kuma? sai kace tambarin karamar hukuma ko dillalan filaye 😂 ni dai har yanzu banga abinda zaisa yaro dan shekara 15 yaji yana son saka rigan ba, kuna ta maganan iyaye, to in uwa ta biya yaron yaki zuwa fa? mu muka san abinda muke so

Kocin Ƙofan Doka:
Wannan ma magana ce fa, kar a yi masa dariya. Manyan yaran nawa su suka fi son dodon.

ƴar Kongo:
Abin da ke sa yaro son riga shi ne ya ga wanda ya fi shi sanye da ita. Lokacin da Alfaga ɗan takwando na Nijar ya ci azurfa a Rio a 2016 ya zo ya zama zakaran duniya a 2017, wa ya tambayi me ke zane a ƙirjinsa? Chika Chukwumerije da ya ciyo mana tagulla a takwando a Olamfik ta Beijing a 2008 fa? Amma dai na yarda kar a yi shi laƙwas, a sa baƙi da ja masu ƙarfi, a buga shi babba a bayan rigar sanyi, za ka ga suna yawo da ita har ranar da ba aji.

Telan Cikin Birni:
Ja a zare lafiya lau ne in mai kyau ne, amma ka gaya wa iyaye kar su jiƙa farin rigan a bilic da tambarin a jiki. Gara ma a ɗinka shi daban a kan baƙin ƙyalle sannan a ɗora, in yaro ya girma a ɓalle a mayar a sabon riga.

Mai Zanen Samaru:
A allon waje ne ja ke ba da matsala, rana tana cinye shi kafin sauran kaloli, in allon ya shekara a bakin titi ga ƙurar hunturu sai ka ga ya koma ruwan hoda. Don haka sunan makarantar da lambar waya a yi su da baƙi, jan ya zama ado kawai. Kuma jan da kake gani a waya haske ne, na takarda tawada ce, ba sa zuwa ɗaya, sai an buga samfur ka gani da idonka kafin a buga da yawa, a rubuta lambar kalar a ajiye don duk mai buga maka aiki ya yi amfani da ita, in ba haka ba rasit wani ja, allo wani ja, satifiket wani.
Wani abu kuma, in sunan na Hausa ne mai ƙ ko ɗ ko ɓ, a gwada salon rubutun tukuna, da yawansu ba su da haruffan nan, kana bugawa sai akwati ya fito ko harafin ya zo da wani salo daban shi kaɗai a tsakiyar kalma. Kuma kar ka karɓi hoto kawai irin wanda yaron nan ya turo maka ta WhatsApp, ana ja shi ya kai girman allo zai farfashe. Ka ce a ba ka asalin fayil ɗin CorelDRAW da PDF da SVG, su ko girman bango aka ja ba sa lalacewa.

Barista:
Tunda an zo nan. Koci rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, daban, rajistar tambari daban, mutane suna haɗa su. CAC sunan kasuwancin take ba ka. Tambari kuwa ofishin rajistar alamun kasuwanci ne a ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya, karon farko shekara 7 ne, daga nan ana sabuntawa duk shekara 14. Ba dole ka yi shi yau ba amma ka zana abin da zai yi rajistuwa. Wanda aka ɗauko daga samfuran manhajar zane ta Canva su da kansu sun ce ba a rajistarsa, don kowa na iya ɗauka. Zobban Olamfik biyar ɗin nan da jan gicciye da jan jinjirin wata a kan fari duk doka ta kare su, kar a kusance su. Ku rubuta ƴar yarjejeniya da mai zanen ko shafi ɗaya ne cewa in ka gama biya zanen ya zama naka. Sannan ka duba haruffan farkon sunan in an taƙaita me suke bayarwa, hukumar takwando ta duniya sai da ta sauya suna a 2017 saboda taƙaitaccen sunanta ya yi daidai da wata ashar ta Turanci da ake rubutawa a intanet.

Dan Sabon Gari:
Duk wannan dogon turancin, AI zai zana maka a minti daya kyauta

Telan Cikin Birni:
Ya zana, ka kawo min in gani ko zai ɗinku.

Kocin Ƙofan Doka:
Oga Mai Zane to nawa ne aikin naka? Ka san kuɗin haya ya gama da ni.

Mai Zanen Samaru:
Ba a fili ba Koci, zan same ka ta gefe. Amma ba tambari kaɗai zan yi maka lissafi ba, har rasit da satifiket da katin ɗalibi da allo, don su fito gida ɗaya. In ya yi nauyi mu fara da tambari da hatimi, sauran su biyo baya.

Maman Biyu:
Dan Allah a allon a rubuta da Hausa ma, ranaku da lokaci da cewa akwai ajin mata daban kuma mace ce ke koyarwa, ni wannan layin zan fara nema kafin in kalli zanen.

Kocin Ƙofan Doka:
In sha Allah Hajiya. Ga yadda za a yi, Mai Zane ya fitar min da ƙullin damarar iri biyu, ɗaya a da'ira ɗaya a sake, baƙi da ja. Tela ya ɗinka samfur na kowanne, ranar Asabar in nuna wa iyayen da ke zuwa ɗaukar yara, in kuma nuna wa manyan yaran daban ba a gaban iyayensu ba. Dodon kuma ɗan Sabon Gari na bar maka ka sa a furofayil.

Baba Tsohon Ɗan Dambe:
Ni dai ko a gefe a ɗan sa kara.

Telan Cikin Birni:
Ka taho da rigan kareti ɗaya na gaske, yadinsu kauri gare shi sai na gwada allura a kai. Kuma kar ka zo ranan Juma'a, ɗinkin biki ya min yawa.